Takardun Baba Ba Asiri Ba Ne

Ƙaras! Ƙarar ɗan kwaɗon akwatin ƙarfe ce da aka ɓalle da sifana, ranar da Baba ya kwana uku a kabarinsa. Ina tsugune a bakin murhu ina kwashe wa masu zaman makoki tuwo na jiyo ta ta tagar ɗakinsa. Ƙara ce 'yar ƙarama, ko kajin da ke kiwo a gindin tagar ba su ɗaga kai ba. Amma ni sai da mara ta faɗi daga hannuna, domin na san abin da ke cikin akwatin nan, na kuma san ba kowa zai gane shi ba.

Baba mahaifin maigidana ne. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara ba don ya mutu. Mutanen Jega da Aliero da Maiyama sun san wanda nake nufi: dogon tsohon bakaniken nan mai gareji a inuwar darbejiya, wanda duk injin ban-ruwa ko na niƙa da ya gagari yara sai a ɗauko a kawo masa. Ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba injinan ban-ruwa suka cika fadamu, manoman albasa suka koma ba su da likita sai shi.

Kwana biyun farko babu abin da na ji sai alheri. Maza a ƙofar gida, mata a tsakar gida, kowa da labarinsa. Wata tsohuwa daga Katanga ta ce ya taɓa tsayar da babur ɗinsa ya ɗaukar mata buhun gero har gida, bai ko tambayi sunanta ba. Wani ya ce bai taɓa ganin sahun farko babu shi ba, ko da baƙin mai har gwiwar hannu, zai tsaya ya goge da ƙasa da sabulu kafin alwala. Muna kuka muna jin daɗi. Sai aka ɓalle kwaɗon.

Babu wani abin duniya a ciki. Carbinsa na dā, hular Idi, sai ƙunshin takardu da aka ɗaure da robar tsohon tif na taya. Takardun buhun siminti ne da bayan kalanda, duk sun sha baƙin mai. An ja musu layi gida-gida, kamar yadda ake zana hatimi. A gidan farko akwai ɗan zane, wani da'ira, wani kamar ƙusa, wani kamar ƙugiya. A gida na biyu kalma da ajami wadda ba Larabci ba ce ba kuma Hausa ba. A gida na uku kalmar Hausa.

Yaya ne ya fara dubawa, wato babban wan maigidana. Tun yana ƙarami ya tafi karatu Sakkwato, ya yi na addini ya yi na boko, bai taɓa riƙe sifana ba sai ranar da ya ɓalle kwaɗon nan. Ya karanta gida na biyu bai gane ba, ya karanta na uku ya ga an rubuta shaƙewa, maƙogwaro, gawayi, duka. Aka ce nan take fuskarsa ta canza. Kafin la'asar labari ya zagaye tabarmi, ya shigo cikin gida, ya fita ta ƙofar baya ya nufi kasuwa.

Mutane suka rabu biyu, kuma duka biyun sun ɓata mini rai. Wasu suka riƙe baki suna cewa ashe tsohon nan da muke gani a sahun farko da aljanu yake aiki. Wasu kuwa murna suka yi. Akwai wani manomin albasa daga Maiyama, tsohon abokin cinikin Baba, da ya ɗaga murya har muna ji daga ciki:

"Ni dai na hwaɗi tun tuni! Inji ya kwana bakwai ba ya tashi, wanga bawan Allah ya zo ya hiddo takarda ga aljihu ya duba, ya ja igiya sau guda, sai ruwa. A taimake ni da warƙa guda in wanke in zuba ga tankina!"

Shi a ganinsa yabo yake yi.

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce mahaifinsa ne, yana sonsa, kuma ba zai bari a yi masa azaba a kabari saboda takardun da ke cikin ɗaki ba. Shi da bai yarda da zaman bakwai ba, ya ce to ranar bakwai ɗin, tunda jama'a za su taru ko ya so ko bai so ba, a gabansu zai ƙone su, kowa ya shaida an tuba a madadin mamaci.

Na san da zarar wuta ta ci takardun nan a gaban jama'a, magana ta zauna ke nan har abada: Baba boka ne, 'ya'yansa sun rufa masa asiri da ashana. Babu sauran abin da za a nuna a ce ga gaskiya. Kuma duk gidan nan, wadda ta san abin da ke gida na biyu ni ce, domin daga bakina kowace kalma ta fito.

Bari in koma baya.

An kawo ni gidan nan da kayan ɗaki irin na kowa, sai kwali guda da faccalolina suka yi ta leƙe suna dariya. Littattafaina ne na sakandare, a ciki har da wani ƙaton ƙamus na Turanci da wata malamarmu ta bar mini da za ta koma garinsu. Irin wanda bayan ya faɗi ma'anar kalma yake ƙarawa da inda ta samo asali. "'Yar boko," in ji su, "da wanne za ki tuƙa tuwo?" Na tura kwalin ƙarƙashin gado.

Tsakanina da Baba kuwa kunya ce irin wadda aka sani. In ya shigo ta nan, na bi ta can. Gaisuwa daga bayan katanga, a durƙushe, murya ƙasa-ƙasa. Shekara guda ban san kalar idonsa ba.

Wata rana bayan la'asar ina daka a tsakar gida, shi yana zaune a bayan katangar da ta raba sashensa da namu yana wanke kayan inji a cikin kwano. Inna, uwar maigidana, tana kan tabarmarta a bakin ƙofar da ke tsakani, tana tsinkar zogale. Sai na ji ya yi gyaran murya ya ce wa Inna, da ƙarfin da bai kamaci mai magana da wanda ke kusa da shi ba:

"Ke, an ce akwai mai babban littahi gidan ga. Tambayar mini ita, wanga abu da muke ce ma fistin, mi an nuhinshi? Wa ya raɗa mai suna?"

Inna ta dube ni ta ce, "Kin dai ji." Ban san lokacin da na jingine tabarya na shiga ɗaki ba. Na jawo kwalin, na kaɗe ƙura. Na nemo kalmar. Da na karanta sai dariya ta kusa kufce mini. Na fito na durƙusa kusa da Inna na ce mata, ni ma da ƙarfin da ya fi na mai magana da na kusa:

"Inna, a gaya wa Baba, littafin ya ce daga bakin mutanen Italiya ta fito. Asalinta babbar tabarya. Abin daka."

Sai na ji kwano ya kife, Baba yana dariya har da tari.

"Tabarya! Shekara arba'in ina cin abinci da tabarya ban sani ba! Ashe dut abin ga da muke taƙama da shi daka ce irin ta mata, sai dai cikin ƙarhe. Ke, ki ce mata Allah shi yi albarka. Ki ce ta sake hwaɗin kalmar tasu sannu-sannu, in rubuta."

Haka muka fara, muka kuma yi shekara tara a haka. Bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, ban taɓa yi masa ba. Kullum Inna ce a tsakiya. Da farko tana maimaitawa, tana murguɗe kalmomin yadda ta ga dama. Daga baya ta gaji ta ce mu ƙarata, ita dai ga ta nan. Da kunnenta ya yi nauyi ma ba mu fasa ba. Sau da yawa tana gyangyaɗi a kan tabarma, shi yana cewa "Ke, tambayar mini ita," ni ina cewa "Inna, a gaya wa Baba," Inna kuwa tana minshari. Ba mu keta kunya ba ko sau ɗaya. Duk mai cewa mun keta, ya zo ya faɗa a gabana.

Wata rana ya gaya wa Inna dalilinsa, ni kuma na ji. Ya ce yana yaro ya koyi aiki a hannun wani maigida a kudu wanda ba ya bayani, sai tsawa. Ya kira sunan ƙarfe, in ka miƙo wani ka sha ranƙwashi. Ya haddace sunayen duka kamar aku, ya girma, ya yaye yara da yawa, amma abin yana cinsa a rai. "Mutum shi yi ta kiran suna bai san ɗiyan wa yake kira ba," in ji shi. Abin da ya fi yawan faɗa ke nan: ba ya son taɓa abin da bai san sunan ubansa ba.

Ba ya karanta boko, amma ajaminsa tun na makarantar allo yana nan. Shi ya ƙirƙiro tsarin gida uku ɗin. Ba ya rubuta sunan da ake kira a gareji, ya ce wannan ai ya san shi, sai ya zana ƙarfen. Sannan tsohuwar kalmar da na karanto, yadda kunnensa ya ji ta. Sannan fassara. Ni kuma duk kalmar da muka gama sai in karya tsinken tsintsiya in sa a shafin.

Ranar da ya tambayi ita kanta kalmar inji, na ce daga Latin take, tsohon harshen Rumawa, kuma ma'anarta ta fari ba ƙarfe ba ce, hikima ce, basirar da aka haifi mutum da ita. Sai ya ce, "To ashe ba su raina mu ba. Mu munka raina kanmu." Ranar ya sa aka sayo mana tsire, gida duka, bai faɗi dalili ba.

Ba sha'awa kaɗai ba ce, aiki yake yi da su. Manoma da yawa sabon shiga ne a harkar inji. Su ja cok su tayar, su manta ba su mayar ba, inji ya yi ta hayaƙi har fulogi ya mutu. Da na gaya masa cok shaƙewa ce, totur kuma daga kalmar maƙogwaro ta fito, sai ya samu bakin zaren. Ya riƙa ce musu, "Ka shaƙe mai wuya don shi hwarka, to ya hwarka, sake shi mana! Kai in an riƙe maka maƙoshi wuni guda noma za ka yi?" Wanda ya ji wannan sau ɗaya ba ya sake mantawa. Wasu bakanikai suka ji haushi, wai yana koya wa manoma abin da zai hana su kawo gyara. Ya ce gara su kawo masa albasa don murna da su kawo masa inji don baƙin ciki.

Takardar da manomin Maiyama ya ga yana fitarwa daga aljihu kuwa, ta wannan makon ce, yana bita don kada ya manta. In ya tsuguna gaban inji yakan ɗan duba ta kamar mai duba agogo, ya yi bisimilla, ya ja igiya. Abin da ya tayar da injin shi ne ya riga ya wanke kafireto ya goge fulogi. Amma wanke kafireto ba ya daɗin labari.

Mun taɓa ɓatawa sau ɗaya, kuma laifina ne. Ranar ina da baƙi, ga yaro a baya yana kuka, ya aiko tambaya ta kan katanga a kan batir. Ban buɗe littafin ba. Na ce, "Inna, a gaya wa Baba ma'anarta rumbun wuta." Ya yi godiya ya rubuta. Bayan kwana huɗu zuciyata ta ƙi kwanciya, na duba, na ga ba haka ba ne. Asalinta duka ne, daga jerin manyan bindigogin da ake dukan ganuwa da su, daga baya aka ara wa jerin tukwanen da ke tara wuta. Na je na durƙusa na faɗi gaskiya.

Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Ke, ki ce mata da ta ce ba ta sani ba, da na ƙara ganin girmanta. Mutum huɗu na hwaɗa ma wagga magana ranar kasuwa. Ta sa na yi ƙarya da hurhurata."

Kwana takwas babu tambaya. Na yi kuka a ɗaki. Ranar kasuwar Jega da ta zagayo, aka ce an gan shi yana kutsawa tun daga 'yan hatsi har kara, yana neman mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Ukun ya same su. Na huɗun mutumin Birnin Malam ne, bai zo ba, sai da Baba ya hau babur ya bi shi har gona don ya ce masa, "Abin da na hwaɗa maka kan batir ba daidai ba ne." Mutumin ma ya manta an yi maganar. Wannan shi ne wanda ake cewa yana hulɗa da aljanu.

Sai shekarar da na haifi ɗa namiji bai zo da rai ba. Na yi wanka na gama, amma ban dawo ba. Ina girki, ina sallah, ina amsa gaisuwa, sai dai kamar wata ce take yi a madadina. Maigidana direban motar albasa ne, rabin wata yana hanyar kudu. Faccalolina suka yi ta cewa in yi haƙuri har suka gaji. Baba bai aiko da kalmar haƙuri ba bayan ta ranar farko. Wata biyu bai tambayi komai ba. Rannan da hantsi sai na ji gyaran muryar nan.

"Ke, in mai littahi ta samu sarari, ba da gaggawa ba, ina son sanin sitata."

Ban tashi ba ranar. Washegari ya sake faɗa, da kalmomin jiya, bai ƙara ba bai rage ba. Rana ta uku na jawo littafin don dai ya ƙyale ni. Na ce, "Inna, a gaya wa Baba, sitatar da ake tayar da inji da ita, tsohuwar ma'anarta zabura. Mutum ya yi tsalle ya miƙe farat ɗaya."

Ya ce, "To. Amma ki ce mata su ma sun yi gaggawa. Injin da ya daɗe cikin sanyi ba a zaginshi, ba a dukanshi. Ja guda, a huta. Ja guda, a huta. Shina tashi." Sai ya ƙara da cewa, "Gobe akwai wata."

Gobe kuwa akwai wata, jibi ma haka. Sai da na yi wata guda ina buɗe littafin nan kullum kafin na lura rabin kalmomin da yake tambaya mun riga mun yi su, tsinkensu yana ciki.

Wannan mutumin za a ƙone wa suna ranar bakwai.

Ranar kwana biyar na sami maigidana shi kaɗai na ce masa, "Ka san fa abin da ke cikin takardun nan." Ya ce ya sani sama-sama. Na ce to ya faɗa wa Yaya. Ya sunkuyar da kai ya ce Yaya ya riga ya yi magana a gaban mutane, shi ƙane ne, kuma in aka ce matarsa ta shekara tara tana hira da mahaifinsa, da wane ido zai dubi jama'a? Na ce, "In na fita na faɗa da bakina, ka hana?" Ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce, "Ban ce ki je ba." Na ce, "Ka ce kada in je?" Ya tashi ya fita. Ban ji hani ba.

Safiyar bakwai na shiga wurin Inna, tana zaune a ɗakin takaba, carbi a hannu. Na ɗaga murya saboda kunnenta na gaya mata abin da nake shirin yi. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Shekara tara kuna damuna da a gaya ma wane, a tambayi wance, ko barcin kirki ban samu ba. Yau da anka zo ga maganar da ta kamata a hwaɗi, shi ne kika zo neman izini? Da ba takaba nike ba da kin ga tahiya. Ɗauki littahinki."

Na sa hijabi na rungumi ƙamus na tsaya a bayan ƙyauren zaure, ta ciki. Ta tsagar ƙyauren ina hango ƙafafun mutane, da galan ɗin kananzir, da ƙunshin takardun a ƙasa gaban Yaya. Liman ya shafa addu'a ke nan. Na yi sallama, ba a ji ba. Na sake. A ta uku na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba a gidan nan, wuri ya yi tsit.

Liman ya ce, "Wa ke nan?"

"Allah gafarta Malam, matar ƙaramin ɗan mamaci ce. Ina da shaida a kan takardun nan, ina roƙon a ji ni kafin a kunna ashana."

Yaya ya ce, "Subhanallahi. Wannan ba wurin mata ba ne. Koma ciki."

Na ce, "Yaya, ina ciki. Ƙafata ba ta taka zaure ba. Amma shaida in an ɓoye ta, Malam ya san hukuncinta."

Liman ya ce a bar ni. Na ce ya ɗauki kowace takarda ya ga dama, ya karanta mini gidan tsakiya kaɗai, ni kuma daga nan inda ba na gani zan faɗi abin da aka zana a gabanta da abin da aka rubuta a bayanta. Na ji ƙarar takarda. Ya karanta a hankali, kamar mai tsoron kada wani abu ya fito:

"Bal... ba."

"Zanen kamar ƙusa ce mai faffaɗan kai. A bayanta an rubuta ƙyaure. Bawul ne na inji, Malam. Rumawa haka suke kiran ƙyauren ƙofa, shi ma buɗewa yake yana rufewa."

Liman ya ce, "Haka aka rubuta." Ya ɗauki wata. "Karbo."

"Gawayi. Zanen kafireto ne."

Sai na ji muryar manomin Maiyama, ashe ya matso yana leƙe ta kafaɗar Liman: "Wallahi kafireto ne! Ga ma inda tiyo ka shiga! Kai, wanga kuma fulogi ne, ko makaho ya gane shi!" Wani ya tuntsire da dariya ya yi sauri ya mayar da ita tari.

Muka yi bakwai ko takwas, ban kuskure ko ɗaya ba. Sannan na tura ƙamus ta ƙarƙashin ƙyaure na ce a ba Yaya, ai yana karanta boko, duk inda ya ga tsinke ya buɗe ya gwada da takarda. Na faɗi yadda aka yi, da katangar, da Inna a tsakiya. Ban rage komai ba.

Na daɗe ina jin ana buɗe shafi. Can sai Yaya ya fara karanta wani gida da kansa, a bayyane, ina jin don ya kama ni ne. Na gane kalmar, ta mota ce, na ce ma'anarta mai motsarwa. Ya ce, "Akwai ƙarin rubutu a ƙasa, ƙanana." Wannan ban san da shi ba. Ya karanta: "Nan sun yi kuskure. Mai motsarwa Allah ne Shi kaɗai. Wannan ƙarfe ne."

Muryarsa ta tsaya a kalmar ƙarshe. Sai Liman ya ce, "Allah Ya jiƙan wannan bawa, Ya yafe mana zaton da muka yi masa." Aka amsa da amin mai nauyi.

Da Yaya ya samu murya sai ya juyo wajen ƙyaure ya ce, "Me ya hana ki faɗa tun ranar uku?"

Na ce, "Ba a tambaye ni ba, Yaya. Duk gidan nan shi kaɗai ke tambayata abu."

Ba a ƙone su ba. Yaya ya naɗe su da hannunsa ya mayar da robar, ya aiko mini da su tare da ƙamus, bai haɗo da saƙo ba. Har yau gaisuwarmu a taƙaice take. Faccalolina sun ce na zubar da mutuncin gida, mace da ɗaga murya a bakin zaure ranar bakwai. Na ji, ban kuma ba kowa haƙuri ba. Manomin Maiyama ma da zai tafi sai da ya aiko a tambaye ni ko duk da haka za a ba shi warƙa guda, wai ko ba asiri ba ne akwai albarkar hannu. Na ce a gaya masa ya riƙa mayar da cok.

Amma waɗanda suka ji karatun Liman ba su kai waɗanda suka ji labarin akwati yawa ba. Labarin akwati ya riga ya hau motocin albasa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ni da ban taɓa rubuta abin da ya wuce wasiƙa ba. Duk wanda ya karanta, in ya ji ana cewa tsohon bakaniken Jega da aljanu yake tayar da inji, ya ce ƙarya ne, ya ce ni na faɗa, kuma takardun suna nan a wurina ga mai son gani. Mutum ne da aka koya wa aiki da ranƙwashi, ya ƙi mutuwa bai san abin da bakinsa ke faɗa ba. Bai ga ƙasƙanci a tambayar matar ɗansa ba. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa tambayar da za a yi masa ta zo masa da sauƙi kamar yadda ya sauƙaƙa wa mutane.

Makon da ya wuce 'yata ta fari, mai shekara takwas, ta dawo daga Islamiyya hijabinta a yage, gwiwarta da ƙasa. Na tsare ta a bakin randa na ce me ya faru. Ta ce wani ɗan ajinsu ne ya ce mata jikar boka, a gaban kowa. Na ce, "Ba na hana ki faɗa ba? Ba na ce duk wanda ya faɗi haka ki yi masa bayani da hankali, ki gaya masa abin da ke cikin takardun Kaka ba?"

Ta share hanci da bayan hannu, ta dube ni ido cikin ido.

"Na yi masa bayani, Mama. Duka na gaya masa, tun daga farko. Sai da na tabbata ya gane sannan na mare shi."